Gem ɗin ne ya lalace ko mu ne ba mu gane shi ba? Fashin baƙi kan Silent Hunter III

Tun da aka fara hutu nake jin magana ɗaya a bakin samarin da ke zama shagon caji na unguwarmu nan Birnin Kebbi, wai gem ɗin nan na jirgin ƙarƙashin ruwa da ke yawo a filash lalatacce ne. Mutum zai saita jirgin abokan gaba a tsakiyar madubi, ya harba tofido (makamin da jirgin ke harbawa ta cikin ruwa) huɗu a jere, babu ko ɗaya da zai samu, kafin ya gama mamaki jirgin rakiya, wato jirgin yaƙin da ke gadin jiragen kaya, ya taso mishi ya yi ta zubo bama-bamai har allo ya yi baƙi. Wasu suka ce kofin ne bai cika ba, wasu suka ce laftof ne bai da ƙarfi, wasu kuma suka goge shi suka koma ƙwallo abinsu. Toh tambayar ita ce, gem ɗin ne ke da matsala, ko kuwa mu ne muka shigo mishi da tunanin wani gem daban?

Ɗan yayata ne ya sa na zauna rubuta wannan. Yana aji biyar a sakandare, ran nan bayan isha'i ya shigo da laftof a hammata ransa a ɓace, ya ce "Kawu, wanga gem ɓatacce na, na halba huɗu ko guda bai same shi ba." Na ce zauna ɗana, nuna min yadda ka yi. Da na kalla sai na ga babu abin da ya lalace, duk abin da ya same shi abu ne da masu gem ɗin suka sa da gangan, saboda haka yake faruwa a ainihin yaƙin.

Wane irin gem ne wannan?

Silent Hunter III kamfanin Ubisoft ne ya fitar da shi a 2005, reshensu na Bukares a ƙasar Romaniya ne suka gina shi. Kai ne kyaftin na jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, aikinka ka nutsar da jiragen dakon kaya da ke kai wa Ingila abinci da mai da makamai ta tekun Atlantika. Bayansa an yi na huɗu a 2007 wanda kake ɓangaren Amurka a tekun Fasifik, an yi na biyar a 2010, akwai kuma wani sabo mai suna UBOAT na wani kamfani daban. Amma na ukun ne ya fi yawo a wajenmu saboda tsohuwar laftof ma tana ɗaukarsa.

Irin wannan gem shi ake kira na kwaikwayon gaskiya, wato ba a yi shi don ka ji kai jarumi ba ne, an yi shi don na'ura ta yi hali irin na ainihin jirgin, da nauyinsa da jinkirinsa da rauninsa duka. A nan ake fara samun saɓani, sabida wanda ya saba da gem ɗin bindiga inda abin da ka saita shi kake samu, zai ga kamar ana cutarsa ne.

Jirgin nan ba kifi ba ne

Sunan "jirgin ƙarƙashin ruwa" shi ne ya fara ɓatar da mutane. Na zamanin can jirgin saman ruwa ne wanda ya iya nutso na ɗan lokaci, shi ke nan. Ɗauki samfurin da Jamus ta fi ƙerawa, Type VII, wanda aka yi kusan 700. A saman ruwa yana tafiya da injin dizal, yana kai not 17 da ɗoriya (not shi ne ma'aunin gudun jirgin ruwa, not ɗaya mita 1,852 ne a awa). Da ya nutse dole a kashe dizal tunda inji na buƙatar iska, sai a koma batir, iyakar gudunsa ya dawo not 7 da rabi, kuma in ka matsa mishi a haka batirin ba zai wuce awa ɗaya da wani abu ba. In ka lallaɓa a not 4 zai kai ka mil 80 na teku, daga nan sai ka fito sama ka kunna dizal ka yi caji.

Kaga dai gidan da ke da janareto da inbata. Janareto na da ƙarfi amma duk unguwa na jin ƙararsa, inbata shiru take amma in ka jona mata dutsen guga da firij yanzu za ta mutu. Wanda ya riƙe wannan hoton a kansa ya gane rabin gem ɗin wallahi.

Yanzu duba abin da ɗan yayata ya yi. Ya hango hayaƙin ayarin jirage, nan take ya nutse, ya sa gudu na ƙarshe yana binsu a baya. Ayarin da ake kira mai jinkiri yana tafiya wajen not 7, mai sauri wajen not 9, wato ko mai jinkirin ma ba za ka cim masa a ƙarƙashin ruwa ba, batir kawai za ka ƙone, ga ƙarar farfela da kake aika wa masu rakiya kamar kana kiransu da suna. Ba a bin tirela da ƙafa. Kabu-kabu ake hawa a zagaya ta wata hanya a je a jira ta a mararraba. Haka ake yi a nan: ka tsaya a saman ruwa, ka ja nesa har ya zama hayaƙi ko kan turakunsu kawai kake gani su ba sa ganinka, ka buɗe wa dizal wuta ka wuce su ta gefe, ka shiga gabansu, sannan ka nutse ka jira su zo su same ka. Wannan zagayen yakan ci awa biyar ko shida na agogon cikin gem, shi ya sa aka sa maɓallin hanzarta lokaci wanda ke kaiwa har ninki 1,024.

Kuma a farkon yaƙi in dare ne mai duhu ba ma sai ka nutse ba. Otto Kretschmer, kyaftin ɗin U-99 wanda ya fi kowa nutsar da kaya a yaƙin, salonsa kenan, ya kutsa tsakiyar ayari da dare a saman ruwa ya yi harbi daga kusa. Jirgin gajere ne a kan ruwa, da wuya ido ya gan shi, na'urar Asdik da Ingila ke taƙama da ita kuma abin da ke ƙarƙashin ruwa kawai take ganowa.

Me ya sa tofido ke wucewa ta baya?

Nan ne zuciyar maganar, dan Allah a bi ni a hankali.

Tofido ba harsashi ba ne, ɗan ƙaramin jirgi ne mai injinsa da ke tafiya cikin ruwa. Jamus na da iri biyu a farko. G7a mai tururi, ana iya saita shi a not 30 ko 40 ko 44, amma yana barin farin layin kumfa a bayansa wanda da rana ana hangowa a kauce. G7e mai batir ba ya barin kumfa, amma not 30 kawai yake yi kuma bai kai na farkon nisa ba.

Mu yi lissafi. Jirgin kaya yana nisan mita 1,000 da kai, yana tafiya not 8. Tofido mai not 30 zai ɗauki kusan daƙiƙa 65 kafin ya ci wannan nisan. A cikin daƙiƙa 65 ɗin nan jirgin ya matsa gaba kusan mita 270, shi kuwa tsawonsa gaba ɗaya bai fi a ce mita 130 ba. Kenan in ka harba daidai inda kake ganinsa, tofido zai isa ya tarar ya wuce da tsawon jirgi biyu. Duk wanda ya taɓa korar jan-baki da danƙo a fadamar shinkafa ya san ba inda tsuntsu yake ake harbi ba, inda zai je ake harbi.

A cikin jirgin akwai na'urar lissafi da ke fitar da wannan, a allo za ka ga an rubuta TDC. Amma ita ba ta gani, abin da ka gaya mata shi take aiki da shi, kuma abu uku take so.

Na farko gudun jirgin, kuma shi ne ya fi kowanne muhimmanci, kuskuren not 2 kawai a misalin can na sama ya kai mita 67, rabin jirgi kenan, wanda ka saita a tsakiya sai ya goge ta wutsiya ya wuce. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta minti 3 da daƙiƙa 15. Ka buɗe taswira, ka ɗiga alama a inda jirgin yake, ka tada agogo, in minti 3 da daƙiƙa 15 sun cika ka sake ɗiga alama, ka auna tsakaninsu da rula. In mita 800 ne, not 8 yake yi. In 600 ne, not 6. Ba sihiri ba ne, not ɗaya kusan mita 31 ne a minti, in ka ninka da uku da kwata sai ya ba ka mita 100 cif-cif kusan. Ka maimaita sau biyu ko uku don ka tabbatar, kuma layin da ya haɗa alamomin nan shi ne hanyar da jirgin ke bi, ka samu abu biyu a aiki ɗaya.

Na biyu shi ne wanda ke rikita kowa, a allo AOB. Mutane na ɗauka lambar da ke saman madubin leƙe ce, a'a, waccan tana gaya maka ina shi yake daga hancin jirginka ne. AOB kuwa juyinta ne: ka ɗauka kai ne tsaye a kan jirginsa kana kallon gabansa, toh ta ina za ka hango jirgin ƙarƙashin ruwan, digiri nawa daga hanci, kuma ta dama ko ta hagu? In yana fuskantarka kai tsaye sifili ne. In kana ganin tsawonsa gaba ɗaya daga hanci zuwa wutsiya 90 ne. Ɗan yayata ya sa lamba daidai amma ya sa ta a ɓangaren hagu alhali gefen damar jirgin yake kallo, sai na'ura ta ɗauka jirgin ɗaya wajen ya nufa, ta aika tofido can wani wuri daban. Ba ta yi laifi ba, abin da aka gaya mata ta bi.

Na uku nisa. Ana samunsa ne daga tsayin turken jirgin, akwai littafin gane jirage a cikin gem ɗin da ke ba da tsayin turken kowane samfuri da zurfin da gindinsa ya nutse. In ka yi gaggawa ka zaɓi jirgin da ba shi ba, tsayin turke ya zama ƙarya, nisa ma ya zama ƙarya.

Toh ga abin da na fi so mai koyo ya fara da shi, don yana cire nisa daga lissafin kusan gaba ɗaya. Ka tsaya gefen hanyar da jirgin zai bi, hancinka ya yi mata gicciye daidai digiri 90, tsakaninka da layin kamar mita 600 zuwa 1,000. Ka mai da madubi sifili, ka shigar da gudunsa, ka sa AOB 90 a ɓangaren da zai nuna maka, ka mai da na'urar ta koma bin madubi, sai ka juya madubin ta inda jirgin ke tahowa har allurar juyawar tofido ta nuna sifili. Ka bar madubin a nan kar ka sake taɓa shi. Da jirgin ya shigo ya taɓa layin tsakiya, harba. In not 8 yake yi kuma tofidonka not 30 ne, za ka ga madubin ya tsaya wajen digiri 15 in daga dama yake zuwa, ko 345 in daga hagu. Da na rubuta wa yaron nan 8 bisa 30 a bayan kwalin sabulu ya yi shiru yana kallo, can sai ya ce "Kawu, ai wanga tan na, mun yi shi a aji." Shi ne kuwa, tan ɗin nan na lissafin kusurwar alwatika. Alwatika ce, ko ta girma ko ta ƙanƙance kusurwarta ba ta canzawa, shi ya sa nisa bai dame ka ba.

Ƙananan abu biyu da ke ɓata harbi mai kyau: ka buɗe ƙofar bututu da maɓallin Q kafin lokaci ya yi, in ba haka ba sai an tsaya buɗewa bayan ka danna, daƙiƙun nan kuma jirgi tafiya yake. Sannan kar ka matsa ƙasa da mita 300, tofido na buƙatar ɗan tafiya kafin kansa ya ɗana.

Ya daki jirgi amma bai fashe ba

Wannan ma ba lalacewar kofi ba ne, tarihi ne aka kwafo. Ranar 14 ga Satumba 1939 jirgin U-39 ya harbi babban jirgin Ingila mai dakon jiragen sama, Ark Royal, tofidon suka fashe tun kafin su isa, masu rakiya suka gano shi suka nutsar da shi, shi ne na farko da Jamus ta rasa a yaƙin. A Afrilun 1940 a gaɓar Norwe abin ya ƙazanta, har Günther Prien wanda ya shiga Scapa Flow, sansanin jiragen yaƙin Birtaniya, ya nutsar da babban jirgin yaƙi Royal Oak a Oktoban 1939 ya dawo yana kukan makaminsa ba ya aiki. Matsalar biyu ce. Kan tofido mai aiki da maganaɗisu, wanda aka yi don ya fashe a ƙarƙashin gindin jirgi, yana rikicewa da bambancin maganaɗisun ƙasa a can arewa. Sannan tofidon na tafiya ƙasa da zurfin da aka saita, dalilin wannan kuwa sai a 1942 aka gano shi. Amurka ma ta sha irin wannan da nata tofidon Mark 14 har ƙarshen 1943. A Yulin shekarar jirginsu Tinosa ya harba 15 kan wani ƙaton jirgin Japan guda ɗaya, mafi yawansu suka daki ƙarfe ba su fashe ba.

A gem ɗin abin yi shi ne, in kana 1939 ko 1940, ko teku na haushi, ka mai da kan tofido na karo maimakon na maganaɗisu, ka saita zurfinsa ya zama sama da gindin jirgin sosai, kuma ka yi ƙoƙari ya dake shi a miƙe, don in ya zo a karkace gogewa yake ya zame. Wanda ransa ba zai ɗauka ba, akwai wurin kashe wannan a saiti tun kafin ya fara. Ƙaramin jirgi mai tafiya shi kaɗai ba makami kuwa kar ka ɓata mishi tofido, 14 kawai gare ka, ka fito da bindigar saman jirgi mai milimita 88 in ruwa a kwance yake, ka nufi daidai inda jikinsa ya haɗu da ruwa. Ka dai duba tuta tukuna, jirgin ƙasar da ba ta cikin yaƙi yakan kunna fitilu da dare, Amurka ma sai Disambar 1941 ta shiga, in ka nutsar da nata kafin nan maki ake cire maka.

In an gano ka

Mai rakiya na nemanka ta hanya biyu. Akwai saurare zalla, yana kasa kunne ya ji farfelarka da famfo da ƙarar masu loda tofido. Akwai kuma Asdik, wadda ke aika sauti ya daki jikin jirginka ya koma, ita ce ƙarar nan mai kama da ana ƙwanƙwasa kwano da cokali da za ka ji a lasifika. Maganin ta farko shiru: danna Z, rage gudu zuwa not 2, ka sani fa lodi da gyara duk tsayawa suke a wannan yanayin. Maganin ta biyu zurfi da ba shi siririn gefe, wato ka juya mishi hanci ko wutsiya, kar ka ba shi tsawonka.

Zurfi na taimako ne sabida bam ɗin da suke zubowa kamar duro yake, nutsewa yake a hankali, kuma sai sun ƙiyasta zurfin da zai fashe tun yana sama. In kana mita 150 kana da lokacin kaucewa da ba ka da shi a mita 40. Shi ya sa kai hari a ruwa mara zurfi kusa da gaɓar Ingila ganganci ne, ka riƙa duba zurfin wurin kafin ka fara.

Ga kuma inda ake tsira. In ya taho zai zubo bam, da ya matso kusa sosai Asdik ɗinsa na rasa ka don ka shige ƙarƙashinta, gudun da yake yi da fashewar bam ɗinsa kuma sun toshe mishi kunne. Da ka ji farfelarsa a bisa kanka, lokacin ne za ka buɗe gudu na ƙarshe ka karya kan jirgi gefe guda ka ƙara zurfi, na kamar rabin minti, sannan ka koma not 2 shiru. A haka a haka, kowane zagaye kana ɗan zamewa, har ya gaji ya koma wa ayarinsa. Yakan ɗauki awa guda ko fiye, kuma kar ka hanzarta lokaci a nan ko kaɗan. Masuntan Yauri da Argungu sun san wannan haƙurin, wanda ya cika buga ruwa ba ya kamu, a nan kuma kai ne kifin.

Shekarar da kake ciki ita ce rabin amsa

Da yawa sukan ce jiya dabarar nan ta yi aiki yau ta ƙi. Duba kalanda. Gem ɗin na ƙara wa abokan gaba kayan aiki yadda ya faru a tarihi: rada da ke ganinka a saman ruwa cikin duhu, na'urar gano inda ka yi magana da rediyo, jiragen sama masu fitila mai ƙarfi da ke sintiri a mashigin Biske inda sansanonin Lorient da Brest da Saint-Nazaire suke fitowa. A watan Mayun 1943 kaɗai Jamus ta rasa jirage sama da 40, har shugabansu Karl Dönitz ya janye su daga arewacin Atlantika ranar 24 ga watan. Cikin mutum kusan 40,000 da suka yi aiki a jiragen nan, wajen kashi uku cikin huɗu ba su dawo ba. Toh in ka fara wasa a 1943 kana mutuwa kullum, ba hannunka ne ba kyau ba. Mai koyo ya fara a 1939.

Gardama biyu

Ta farko tsakanin masu wasa ce. Wasu na cewa in ba ka kashe duk wani taimako ka yi lissafi da hannunka ba, ba wasa kake ba. Wasu na cewa bayan wahalar yini ba za su zo su zauna jarrabawar lissafi ba, na'ura ta saita su danna. Ni ra'ayina a bar mai koyo ya yi sintiri biyu ko uku da saitin na'ura, ya koyi zagaye da ɓuya da tsira tukuna, don su ne ke kashe mutum, sannan ya kunna harbin hannu amma ya bar taswira tana nuna jirage. Wanda aka jibga wa komai rana ɗaya goge gem ɗin yake. Amma kuma wanda ya dawwama a saitin na'ura bai ɗanɗani abin da ya sa mutane ke riƙe da gem ɗin 2005 har yau ba, wato daƙiƙa 65 ɗin nan da kake kallon agogo kana jiran ka ji ko lissafinka ya yi.

Ta biyu ta fi nauyi, wani dattijo ne ya yi min ita da ya ji abin da muke yi: don me yaro zai zauna yana yi wa Hitila yaƙi? Ban ɗauki tambayar da wasa ba. Jiragen nan gwamnatin Nazi suka yi wa aiki, Dönitz kansa kotun Nuremberg ta ɗaure shi shekara 10. Kuma yaƙin bai yi nisa da mu yadda muke zato ba. Gyaɗa da manja da kuzar Jos ta teku suke tafiya Ingila, Firitawun ta Saliyo kuma babbar matattarar ayari ce. A 1941 U-107 ya nutsar da jirage 14 a sintiri ɗaya a wannan yankin. A daren 30 ga Afrilu zuwa 1 ga Mayu 1943 U-515 ya nutsar da bakwai daga ayarin da ya taso daga Takoradi. Jirgin fasinja Abosso na kamfanin Elder Dempster, wanda aka sani da zirga-zirgar Afirka ta Yamma, an nutsar da shi ranar 29 ga Oktoba 1942, mutum 362 suka mutu. Kakanninmu da aka kwasa zuwa yaƙin Bama a 1943 da 1944 ta ruwa aka tafi da su. Ni ban ce a hana yaro gem ɗin ba, na ce a zauna da shi a gaya mishi wannan, ya san lambar tan ta nauyin jirgi da ke fitowa a allo in jirgi ya nutse a gaske mutane ne a ciki, ma'aikatan jiragen kayan Birtaniya kaɗai sama da 30,000 suka rasu.

Wuta, laftof, da yadda ake neman taimako

Matsalarmu ta nan daban take da ta Bature. Sintiri ɗaya na iya cin dare uku, wuta kuma ba ta da tabbas, don haka ka riƙa sebin. Tsofaffin 'yan wasa na ba da shawarar a yi shi a saman ruwa, nesa da kowane jirgi da tashar ruwa, kuma kowane da sabon suna, don wanda aka yi a tsakiyar faɗa yakan zo da matsala wajen buɗewa. Ka tabbatar naka 1.4b ne, shi ne gyaran ƙarshe da kamfanin ya fitar. Tsohon faifan asali na ɗauke da wata kariya mai suna StarForce da ba ta jituwa da sababbin Windows, in gem ɗin ya ƙi tashi gaba ɗaya nan ne za a fara dubawa, wannan kam matsalar kofi ce ta gaske. Ƙarin da masoya suka yi mishi irin su GWX na ƙara kyau amma suna ƙara wa masu rakiya kaifin kunne, ba na mai koyo ba ne. Kuma gem ne mai cinye lokaci ba ka sani ba, akwai maɓallin tsayarwa, in an kira salla a danna shi, ayarin na nan inda ka bar shi.

In kuma za ka tambayi wani, "tofido na ba ya samu" ba ta isa a taimake ka ba. Ka faɗi shekara da wata, wane samfurin jirgi, harbin hannu ko na na'ura, wane tofido kuma a wane gudu, nisa nawa, gudun da ka shigar da yadda ka same shi, sannan abu mafi amfani, ta gaba ya wuce ko ta baya ko ta ƙasa. In ta baya ne, gudun da ka shigar ne ya yi kaɗan ko ka makara wajen buɗe bututu. In ta gaba ne, gudun da ka shigar ya yi yawa. In ta ƙasa ne zurfi ya yi yawa. In kuwa ya kama wata hanya can daban, koma ka duba dama da hagu.

Shekaranjiya yaron ya dawo da takarda ya rubuta gudu daga not 5 zuwa 12 a jere, gaban kowane ya fitar da digirinsa na tofido mai 30 da mai 44 da kalkuletar makaranta, ya manna ta da salatif a gefen kibod. Yana Nuwamban 1939 yanzu, yammacin Ayalan, da tofido tara a ciki.